Kayan Bakin Gado: Abin da Dare ke Tonawa a Maraɗi

Gaisuwa ga malamai da alhazai, ga iyaye mata da suka bar aikin gida suka zo, ga ɗalibai da matasan fada, da baƙin da suka taso daga Tibiri da Jiratawa.

Ɗakin Bahaushiya kashi biyu ne. Akwai abin da aka shirya domin idon baƙo: jere, labule, kabad mai gilashi, da tukwanen samira da ba su taɓa hawa murhu ba. Akwai kuma ɗan wurin da hannu ke kaiwa idan an kwanta, wato ƙarƙashin matashin kai, gefen katifa, ƙasan gado, da ƙusar da ke bango daidai kai. Ba wanda ke gyara wannan wuri domin a yaba masa. Duk abin da aka gani a can, buƙata ce ta kai shi. A kan wannan ɗan wuri laccar ta tsaya, kuma abin da take son tabbatarwa shi ne, a Maraɗi kayan bakin gado sun fi bayyana abin da mutum ke tsoro cikin dare da abin da ya dogara da shi, fiye da yadda suke bayyana son ransa.

A Amurka akwai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Gosling, na Jami'ar Texas, wanda shi da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a 2002. Sun shigar da mutane ɗakunan kwanan waɗanda ba su taɓa gani ba, suka ce su dubi kaya su faɗi halin mai ɗakin. Masu duban sun dace ƙwarai wajen gane mai son sanin sabon abu, da mai tsari da kiyaye aiki. Bincike ne mai kyau, sai dai an yi shi a inda mutum ɗaya ke da ɗaki nasa shi kaɗai, da wutar da ba a ɗaukewa, da kuɗin sayen abin da ya ga dama. Wanda ya ɗauko wannan ma'auni ya shigo da shi unguwar Sabon Gari zai yi tuntuɓe tun a bakin ƙofa, domin tambayar farko a nan ita ce: gadon na wane ne?

Na mace ne. Iyayenta suka saya, da shi aka kai ta, kuma idan aure ya mutu da shi za ta fita. Tsofaffin unguwannin Bagalam da Limanci suna tuna gadon kara, da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin mai jego ko domin sanyin hunturu. Kuɗin gyaɗa ne ya kawo gadon ƙarfe mai rumfa, a zamanin da Sabon Gari ke cika da baƙi da 'yan kasuwa, zamanin alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Bayansa gadon fomika ya shigo, da madubinsa da durowarsa a gefe. Barbara Cooper, wadda ta zauna da matan garin nan ta kuma fitar da littafinta kan aure a Maraɗi a 1997, ta nuna yadda kayan ɗaki suka tashi daga ƙorai zuwa kwalla da tasoshi, da yadda suka zama ma'aunin darajar mace da na danginta, kuma dukiyar da take iya sayarwa ranar da gari ya yi zafi. A Dogon Dutsi, Adeline Masquelier ta tarar da malamai masu wa'azi suna faɗa da tsadar kayan aure, iyaye mata kuma sun kafe a kan cewa ba a kai yarinya gidan miji babu gado. Sun san abin da suke karewa. Gadon nan, da abin da ke ƙarƙashinsa, shi ne yankin da ba mai iko da shi a gidan sai ita.

Namiji kuwa, musamman mai mata biyu zuwa huɗu, kusan baƙo ne a kowane gado. Yau yana nan, jibi yana can. Idan yana da turaka, to can kayansa suke. Idan babu, bakin gadonsa yana cikin aljihun rigarsa: makullan shago, waya, carbi, goro, 'yan takardun bashi. Da dare ya zazzage su a gefen matashi, da asuba ya mayar. Uwargidan da ta daɗe a gida takan gane halin da kasuwa ke ciki daga abin da ya fito daga wannan aljihu, tun kafin maigida ya buɗe baki.

Akwai kuma lokacin da wannan tsari duka ke rushewa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma kwanon rufi ke riƙe da zafin rana har tsakar dare, ɗaki ba ya kwantuwa. Kowa ya jawo tabarma ko katifa zuwa tsakar gida, samari su fito ƙofar gida. Jere yana ciki, kabad yana ciki. Abin da aka fito da shi waje shi ne abin da ba a iya kwana babu shi, kuma mai son sanin gaskiyar gida a bazara ya kamata ya duba. Gidan mai hali da gidan talaka, abin da ake gani bai cika wuce waɗannan ba: tocila, buta, ruwan sha, waya, da wani ƙulli da mai shi ba ya son a taɓa.

A fara da haske. Kakanni sun kwana da aci-bal-bal mai man gyaɗa, wadda a gabanta tsofaffi ke kaɗi da mazari yara na sauraren tatsuniya. Fitilar ƙwai mai kananzir ta gaje ta, ita ma tocilar Sin mai batir ta kore ta, yanzu kuma ga fitila mai caji da ƙaramin faifan hasken rana. Abin lura shi ne, har gidan da ke da mita da fanka da firji ba ya rabuwa da tocila a bakin gado. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, ba a kuma ba da umarnin mayar da ita ba sai a Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni, ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko BAC ya yi karatu da hasken waya, mai jego ta shayar da tocila a baki, tela ya koma keken ƙafa. Tocilar da ke ƙarƙashin matashin Bamaraɗe ba ta cewa komai game da halinsa. Labarin layin wuta take bayarwa, da siyasar ƙasashe biyu.

A Jiratawa tocilar kayan aiki ce. Filin noman rani da aka shimfiɗa a can a farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da hekta 500 a ƙarƙashin kulawar hukumar noman rani ta ONAHA, da ruwan rijiyoyin burtsatse yake rayuwa, injunan da ke jawo ruwan kuma da lantarki suke aiki. Manomin zogale ko alkama ko tattasai ba shi ke zaɓar lokacin ban ruwa ba. Layi ne, kuma wuta ce ke yanke hukunci. Shi ya sa a gefen shimfiɗarsa za a tarar da tocila mai ƙarfi, da takalmin roba saboda maciji da kunama, da waya a kunne, domin ana iya kiransa cewa ruwa ya iso fegensa alhali gari bai waye ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne bakin gadon uwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna matar jihar Maraɗi tana haihuwar 'ya'ya sama da 8 a rayuwarta, adadin da ya fi na ƙasar baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, shekara ashirin ko fiye gadonta ba ya rabuwa da jariri, da wanda aka yaye, wani lokaci da na uku a wajen ƙafa. Abin da ke kewaye da ita kayan jinya ne: sange, tsummoki, fo, man zafi, kwalbar sirop, katin awo a cikin leda. Sangen ma yana da tarihi. A Disambar 2005 aka haɗa rabon sange mai magani da rigakafin shan inna, aka raba sama da miliyan 2 a faɗin ƙasa, kuma tun daga nan ake maimaita rabon. A 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, kuma Madarunfa da Gidan Runji na cikin wuraren da aka fara.

Yadda ake ba da wannan magani ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro daga wata 3 zuwa wata 59 yana shan sa kwana uku a jere, sau ɗaya kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Na ranar farko a gaban ma'aikacin lafiya ake sha. Na kwana biyun da suka rage, uwa ake danƙa wa. Ke nan nasarar shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, wanda ake kashe wa maƙudan kuɗi, tana rataye ne a kan 'yan ƙwayoyi biyu da ke cikin kwanon sha ko ƙarƙashin matashin wata mata a Sabon Gari, da kuma ko za ta tuna da su bayan ta yini tana daka da girki da tallar ƙosai. Mafi yawansu suna tunawa, kuma ba a cika yaba musu ba.

Amma a wannan kwanon akwai abin damuwa. Tare da maganin likita ana samun ƙwayoyin da aka saya a tire, a hannun masu yawo da magani a rana, babu kwali, babu kwanan wata. Ana samun ragowar maganin wani yaro da aka ajiye domin ƙanensa. A ɗakin samari masu aikin ƙarfi da 'yan kabu-kabu, ana samun tramol. Kuskure ne a ga wannan a ce jahilci ne kawai. Mutumin da ya san cewa in zazzaɓi ya taso ƙarfe biyun dare babu abin hawa, in an je ma takardar sayen magani za a miƙo masa, shi ne ke tara kantin magani a bakin gado. Duk da haka haɗarin na gaske ne, kuma na farkon shiga cikinsa shi ne yaro mai rarrafe, wanda hannunsa ke kaiwa duk inda hannun uwarsa ke kaiwa.

Mutanen Tibiri sun san wani abu game da kofin ruwan da ake ajiyewa a gefen shimfiɗa wanda sauran jama'a ba su sani ba. Daga 1985 har zuwa wajen 2000, ruwan famfon garin yana fitowa daga wata rijiya mai zurfi wadda sinadarin fuloraid ya yi wa yawa fiye da ƙima. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tsatsa, wasu da ƙafafu a lanƙwashe. Iyayen da suka tashi cikin dare suka ba su ruwan nan sun yi abin da kowace uwa ke yi ne, sun kuma zaɓi ruwan famfo ne domin an ce shi ne mai tsabta. Waɗannan yara yanzu magidanta ne, kuma a gefen gadon wasunsu akwai sandar dogarawa.

Sai buta da carbi da asuwaki, waɗanda suka fi kowane kaya daɗewa a wurin. Suna da tushe. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) idan ya tashi cikin dare yakan goge bakinsa da asuwaki, ya kuma koyar da yin alwala kafin kwanciya, da kakkaɓe shimfiɗa, da rufe ƙorai, da kashe fitila. A nan ne kayan suka fi kusa da bayyana zaɓin mai su. Dattijon da ya yi karatun allo yana da Alƙur'ani bugun Warshu a cikin gafaka, watakila da Dala'ilul Khairati. Batijjane yana da dogon carbi domin lazimin safe, sau da yawa da hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a bango. Wanda ya bi tafarkin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 kuma ta yi ƙarfi a Maraɗi cikin shekarun da suka biyo baya, za a fi samun Hisnul Muslim a gefensa, da man zaitun da habbatus sauda, ba za a ga laya ba. Matar da ke zuwa Islamiyya da dare tana da Ahalari da Arba'una Hadis da littafin rubutu, abin da kakarta ba ta samu ba.

Ko a nan ma sai an yi hattara. Ɗaki ɗaya na iya ɗaukar zamani uku. Kaka ta sa wa jariri laya a ƙarƙashin matashi, uwa ta cire, kaka ta mayar, kuma duka biyun tsoro ɗaya ke damunsu. A Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, har yau akwai sarautar Inna, kamar yadda Maraɗi ke da Iya, kuma mai bincike Guy Nicolas ya yi dogon rubutu kan matsayinsu a harkar bori. A ɗakin 'yar bori akwai turare da zane da wasu kayan da ba a taɓawa sai da izini, kuma ba mamaki a tarar da dardumar salla a ninke kusa da su. Mai binciken da ya shiga da niyyar raba mutane gida-gida zai fito da lissafin da bai yi daidai da rayuwarsu ba.

Yanzu ga ƙullin nan da ba a son a taɓa. Kuɗi ne, a bakin zane, ko cikin gwangwanin madara, ko asusun ƙasa, ko tsakanin katifa da katako. Masu ilimin tattalin arziki sukan yi ƙorafi cewa mutanen nan ba sa kai kuɗi banki. Ya kamata a tuna musu abin da mutanen suka gani da idonsu. A 1990 BDRN, babban bankin raya ƙasa, ya durƙushe da ajiyar jama'a a ciki. A Janairun 1994 aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi. Wanda ya ce to gara ya riƙe kuɗinsa a gida, shi ma bai tsira ba: a ƙarshen 2004 BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa, ya janye tsofaffin takardun kuɗi, aka ba da 'yan watanni a canza, mutanen ƙauye suka yi ta tururuwa da ƙullinsu. Ɗan kasuwar Maraɗi kuma kuɗi biyu yake kwana da su, domin rabin cinikinsa ta hanyar Dan Isa da Jibiya da Katsina yake bi. Da Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma sa wa'adi a farkon 2023, masu naira a ƙarƙashin katifa a wannan gefen iyaka sun shiga tashin hankalin da ba su da hannu a cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya raba dukiyarsa, kaɗan a sefa, kaɗan a naira, kaɗan a tunkiya, kaɗan a kwalla, lissafi ya yi, kuma tarihi ne ya koya masa.

Mafi kyawun amsar da aka ba wannan matsala daga jihar nan ta fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a ƙauyukan Maraɗi, a kan tsohuwar al'adar adashi. Mata su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yi alkawari, a ba mai buƙata rance, a ƙarshen zango a raba. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna aiki da shi. Idan aka ga irin wannan akwati a ƙarƙashin gadon wata mata, an ga shaidar da ta fi kowace takarda: mata ashirin ko talatin sun zauna sun yarda cewa guminsu ya kwana a ɗakinta. Ɗan makullin da ke ɗaure a bakin zanen wata ma haka yake.

Rediyo ya yi shekaru yana mulkin gefen matashin maza. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, ga Muryar Sahel, ga gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da suka zo da iskar dimokuraɗiyya a shekarun 1990. Magidanci ya dawo daga sallar asuba, ya murɗa, ya ji duniya kafin ya sha koko. Dakatar da RFI a Agustan 2023, da dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, sun taɓa wannan al'ada, amma waya ta riga ta fara cinye ta. Tun da kamfanin waya na Celtel ya fara aiki a 2001, wayar ta haɗiye tocila, da agogo, da rediyo, da kaset ɗin wa'azi, da hoton 'ya'ya. Wanda bai yi boko ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp. Matar ɗan ci-rani da ke Legas ko Agadas ko Libiya tana kwana da ita a kunne, tana jiran kiran da zai ce ta je ofishin aika kuɗi na Nita ko Al Izza ta karɓi saƙo. Amaryar da a da ke ɓoye littafin soyayya na Kano a ƙarƙashin matashi, yanzu sauraren sa take ana karantawa. Akwai asara a ciki: barcin matasa ya ragu, kuma ƙarya na shigowa ɗaki ta hanyar da gaskiya ke shigowa. Duk da haka, ga matar da ke cikin kulle, wannan ne karo na farko da ƙofar duniya ta zo inda hannunta ke kaiwa ba tare da ta aiki yaro ba.

Akwai abin da ke jingine a bayan ƙofa ko kwance a ƙasan gado wanda ba a cika ambata ba: gora, adda, wani wurin baka da kwari. A zamanin Sarki Ɗan Baskore, lokacin da Maraɗi ke cikin ganuwa tana yaƙi da daular Sakkwato, wannan ba abin tambaya ba ne. An yi zaton zamanin ya wuce. Amma a ƙauyukan kan iyaka na Madarunfa da Gidan Runji, wajen Gabi da dajin Baban Rafi, satar shanu da satar mutane domin kuɗin fansa sun mayar da makami gefen shimfiɗa. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mutumin da ke kwana da adda a irin waɗannan wurare ba mafaɗaci ba ne. Uba ne da ya auna nisan da ke tsakaninsa da jami'an tsaro.

Ruwa ma yana zuwa da dare. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon garin daga fadama zuwa tudun da yake yanzu, da titunansa miƙaƙƙu. A ƙarshen Agustan 2024 kuma, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a birnin cikin ƙanƙanin lokaci, gidajen ƙasa suka rufta, hukuma ta sanar da rasuwar mutum 15. Wanda ya tsira da ransa a irin wannan dare, abin da hannunsa ya kai kawai yake fita da shi. Daga baya ake gane darajar ledar nan mai ɗauke da takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da takardar fili, da shaidar jarrabawa. Gidaje da yawa suna ajiye ta a ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwa, inda ba a isa gare ta cikin duhu. Wata takardar kuma kusan babu ita sam, alhali hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa ya yi horo da kada Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce a wurinsa ba. A garin da ciniki ke tafiya a kan amana da bashin baki, rashin wannan takarda ya raba zumunci a gidajen da kowa a wannan zaure ya sani.

Duk wannan magana ta waɗanda ke da gado ce. A zaurukan Sabon Gari da rumfunan Babbar Kasuwa da tashoshin mota akwai masu kwana a kan buhu ko kwali. Almajiri yana tada kai da allonsa, robarsa a gefe, takalminsa a ƙarƙashin tabarma domin kada a ɗauke. Ɗan ga-ruwa da mai turin kura da ya zo cin rani suna kwana da kuɗin yini ɗaure a jiki. Dukiyarsu gaba ɗaya ita ce kayan bakin gadonsu, ba su da jeren da za a kwatanta da shi. A 2016 Anna Rosling Rönnlund ta ƙasar Suwidin ta buɗe wani shiri mai suna Dollar Street, inda aka ɗauki hoton gadaje da buroshin haƙori da murhu na ɗaruruwan iyalai a ƙasashe daban-daban, aka jera su bisa abin da suke samu a wata. Abin da ya fito fili shi ne, shimfiɗar talakan wata nahiya ta fi kama da ta talakan wata nahiyar fiye da ta attajirin garinsu.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin Maraɗi ba, kuma lokacinsa na ƙurewa. Tandun kwalli, da adudu, da taskira, da gadon kara suna ɓacewa tare da tsofaffin da suka san sunayensu da amfaninsu. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da na sauran makarantun garin suna iya ɗaukar unguwa ɗaya a birni, da Tibiri, da Jiratawa, su bi gida-gida da izinin masu gida. Ɗakin mata, mata ne za su shiga. A rubuta abin da aka tarar, da inda aka saye shi, da kuɗinsa a sefa ko a naira, da dalilin da mai shi ya bayar da bakinsa, ba tare da an rubuta sunan kowa ba. A yi zagaye ɗaya a bazara, ɗaya a tsakiyar damina, domin kayan suna canzawa da yanayi. Ma'aikatan lafiya za su samu a ciki adadin gidajen da sangensu ya yage da irin ƙwayoyin da ke kusa da hannun yara, masu kula da wuta da tsaro su ma za su samu nasu, kuma bayan shekara 10 a sake komawa gidajen a gwada da na farko.